WA KE DA HANNU A MATSALLAKA, MAI MOTA KO MAI TAFIYA A ƘASA?

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan titi yake. Yawancin makarantun Islamiyya na cikin gari ana tashi ne wajen ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa suka kamo hanyar gida, rana ta yi ƙasa tana dukan idon direba, kowa yana sauri ya riski magariba. A wannan lokaci ne yara suke fitowa rututu da jakunkunansu, wasu riƙe da ƙannensu, su tsaya bakin kwalta suna jiran su ƙetare. To, idan yaro da mota suka haɗu a wurin tsallakawa, wa zai tsaya wa wani? Doka ta riga ta yanke: direba ne zai tsaya. Za mu bayyana muku dalilin wannan hukunci, da yadda ake aiki da shi, da kuma abin da ya rage a wuyan mai tafiya a ƙasa, domin fenti kaɗai bai taɓa tsayar da mota ba.

MECE CE MATSALLAKA?

Kun sha ganin wasu fararen layuka masu faɗi da aka shafa a kan kwalta, a jere daga wannan gefen titi zuwa wancan, fari, baƙi, fari, baƙi, kamar an kwantar da tsani a ƙasa. Wannan ita ce matsallaka, watau wurin da hukuma ta keɓe domin masu tafiya a ƙasa su ƙetare titi. Turawa sun sa mata sunan jakin dawa saboda zanenta ya yi kama da na jikin wannan dabba, shi ya sa za ku ji direbobi suna ce mata zebira.

Wuraren tsallakawa iri uku ne, kuma kowane da hukuncinsa. Akwai inda jami'i yake tsaye yana ba da hannu, ko ɗan sanda, ko ɗan Karota idan a Kano ne. A nan hannun jami'in ake bi, ko da fitila ta nuna wani abu dabam. Akwai inda aka kafa danja, watau fitilar nan mai ja da ruwan ɗorawa da kore. A nan fitila ce alƙali, mai mota da mai ƙafa kowa ya jira lokacinsa. Sa'an nan akwai inda babu jami'i, babu fitila, sai fenti kawai. A nan mai tafiya a ƙasa ne ke da hannu, kuma a kan wannan na ukun ne aka fi samun jahilci da gardama.

DAGA INA AKA SAMO TA?

Mota ba ta daɗe da fitowa ba ta fara ɗaukar rai. Ranar 17 ga Agusta, 1896, a birnin Landan, wata mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll, ta mutu. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da aka rubuta cewa mota ta kashe a Ingila. An ce gudun motar bai wuce mil 4 a awa ba, watau kamar kilomita 6, gudun mai sassarfa ke nan.

Da motoci suka yawaita, mace-mace suka yawaita tare da su. A 1934 ministan sufuri na Ingila, Leslie Hore-Belisha, ya sa aka kakkafa sanduna masu ƙwallon ruwan ɗorawa a kai domin direba ya gane wurin tsallakawa. Daga baya aka ga ya kamata a sa alama mai ƙarfi a kan kwaltar kanta, wadda ido zai hango daga nesa. A watan Oktoba na 1951 aka buɗe matsallaka mai zanen fari da baƙi ta farko a garin Slough, yamma da Landan. Daga nan ta bazu duniya.

A 1968 ƙasashe suka taru a Vienna, babban birnin Ostiriya, suka ƙulla yarjejeniya a kan dokokin hanya, domin direban da ya fita daga ƙasarsa ya tarar da ƙa'ida iri ɗaya a gaba. Nijeriya da Nijar duk suna cikin waɗanda suka amince da ita. A nan gida kuwa, a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Su ne suke fitar da littafin ƙa'idojin hanya da ya kamata kowane direba ya sani kafin a ba shi lasin. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar Karota da aka kafa a Kano a 2012.

ABIN DA DOKA TA ƊORA WA DIREBA

Kai ɗalibi, idan Baba ko Yaya yana tuƙi, ka karanta masa wannan sashe da ladabi. Kuma a sani, kalmar direba a nan ta haɗa da mai babur, da mai Adaidaita Sahu, da mai keke, ba mai mota kaɗai ba.

1. Rage gudu tun daga nesa. Kafin a kai matsallaka yawanci akan kafa allo mai kusurwa uku da jan baki, da hoton mutum yana tafiya, ko hoton yara biyu idan kusa da makaranta ne. Da ganin wannan allo, Malam direba, ɗage ƙafa daga totur ka kai ta kusa da birki, ko ka ga mutum ko ba ka gani ba.

2. Tsaya cik idan mutum ya sa ƙafa a kan zanen. Ka tsaya kafin zanen, kada hancin motarka ya hau kansa. Ba a kewaya mutum ta gabansa ko ta bayansa a wuce. Wanda yake tsaye a baki yana niyyar shiga shi ma yana da haƙƙi, domin yarjejeniyar 1968 ta ce a kula da mai tsallakawa da kuma wanda yake shirin tsallakawa. A Ingila ma a 2022 sun gyara littafin ƙa'idojinsu, suka ce direba ya ba wanda yake jira a baki hanya.

3. Kada ka wuce motar da ta tsaya ko ta rage gudu a matsallaka. Wannan ita ce ƙa'idar da saɓa mata ya fi muni. Mota ta tsaya wa yaro, yaron ya amince ya shigo, jikin motar ya kare shi ba a ganinsa, sai ga na baya ya zaro ta gefe da gudu yana tsaki. Shi bai ga yaron ba, yaron bai gan shi ba, sai su haɗu a daidai hancin motar da ta tsaya. Duk lokacin da ka ga na gabanka ya tsaya ba ka san dalili ba, ka ɗauka mutum ne a gabansa.

4. Kada ka ajiye mota, ko ka ɗauki fasinja, ko ka sauke shi a kan matsallaka ko dab da ita. Masu Adaidaita Sahu da 'yan bas, da ku ake. Abin hawan da aka tsayar a bakin zanen ya zama katanga: ya toshe wa yaro ganin titi, ya toshe wa direbobi ganin yaro. Haka kuma idan cunkoso ya haɗu, kada ka shiga kan zanen sai ka tabbata akwai filin da za ka fita a gaba.

5. Idan za ka sha kwana ka shiga wani titi, wanda ya riga ya fara ƙetare titin da za ka shiga shi ke da hannu. Direba yakan mai da hankali ga motocin da ke zuwa ta gefe ɗaya, ya manta da mutumin da ke ɗaya gefen.

6. Idan danja ta ba ka kore alhali akwai wanda bai gama ƙetarewa ba, ka jira shi. Tsoho mai sanda, da makaho, da mai keken guragu, da mace mai goyo, ba za su yi saurin da fitila take so ba.

7. Kada ka ratsa jerin 'yan makaranta da malami yake jagoranta. Yarjejeniyar Vienna ta ambaci wannan da sunansa. Ka jira har na ƙarshe ya haye, domin na ƙarshen nan shi ne ƙarami, kuma shi ne zai ruga da gudu don kada a bar shi.

8. Kada ka yi wa mai tsallakawa oda ko ka riƙa taka totur don ya yi sauri. Yaron da aka firgita ba a san inda zai nufa ba, yana iya juyawa baya ya faɗa gaban wata motar.

Saɓa wa danja, da saɓa wa zanen kan titi, da wuce ƙa'idar gudu, da riƙe waya ana tuƙi, duk suna cikin laifuffukan da 'yan Rod Sefti suke rubuta wa direba takardar tara a kansu.

ME YA SA AKA ƊORA WA DIREBA? GA LISSAFI

Wani zai ce, ai shi mai ƙafa ya fi sauƙin tsayawa, don me ba shi zai jira ba? Dalili biyu ne. Na farko, idan aka ce mai ƙafa ya jira sai motoci sun ƙare, to a babban titi zai kwana a nan. Shi ya sa aka ware masa 'yar taƙaitacciyar gaɓa guda, faɗinta bai wuce 'yan taku ba, aka bar wa mota duk sauran titin. Na biyu, idan aka yi karo, mota fenti za ta rasa, shi kuwa mutum rai ko ƙafa. Wanda ke riƙe da abin da zai yi kisa shi ake ɗora wa nauyin kiyayewa.

Amma fa mota ba ta tsayawa nan take. Ku ɗauko fensir mu lissafa. Ƙa'idar gudu a cikin gari a Nijeriya kilomita 50 ce a awa ga ƙananan motoci da tasi da bas, manyan motoci irin tirela da tanka kuwa 45. Kilomita 50 mita 50,000 ke nan. Awa ɗaya sakan 3,600 ce. Idan kuka raba za ku samu kusan 14. Watau motar da ba ta ma karya doka ba tana cin mita 14 a kowane sakan guda.

Tsayawar mota kashi biyu ce. Akwai tafiyar da take yi tsakanin lokacin da idon direba ya ga yaro da lokacin da ƙafarsa ta taka birki. Mu ce sakan ɗaya ne, ga direban da hankalinsa ke kan titi. Sa'an nan akwai tafiyar da take yi bayan an taka birkin kafin ta tsaya. Ga yadda lissafin yake fita, idan birki da taya lafiyayyu ne kuma kwalta a bushe take:

A gudun kilomita 30: mita 8 kafin birki, mita 5 bayan birki, jimla 13.
A gudun kilomita 50: mita 14 kafin birki, mita 14 bayan birki, jimla 28.
A gudun kilomita 60: mita 17 kafin birki, mita 20 bayan birki, jimla 37.
A gudun kilomita 80: mita 22 kafin birki, mita 36 bayan birki, jimla 58.

Ku lura da abu ɗaya. Daga 30 zuwa 60 gudu ya ninka sau biyu, amma tafiyar bayan birki ta tashi daga 5 zuwa 20, watau sau huɗu. Haka ƙa'idar take kullum.

To, a ƙaddara yarinya ta shigo titi, tsakaninta da mota mita 14. Direban da ke gudun 30 zai tsaya saura mita ɗaya ya taɓa ta, sai dai faɗuwar gaba da salati. Direban da ke gudun 50 kuwa, kafin ƙafarsa ta kai kan birki ya riga ya cinye mita 14 ɗin duka, zai buge ta da cikakken gudunsa. Mutum ɗaya, mota ɗaya, titi ɗaya, bambancin kilomita 20 kawai. Wannan ya nuna muku cewa tsayawa a matsallaka tun daga nesa ake ƙulla ta. Wanda ya iso da gudu, ko yana da kyakkyawar niyya, lokaci ya riga ya ƙure masa.

Idan ruwan sama ya jiƙa kwalta, ko iska ta watsa yashi a kanta, ko taya ta siɗe, ko tirela ce ɗauke da kaya, nisan ya fi haka. Idan direba ya sunkuya ya dubi waya na sakan biyu kacal a gudun 50, ya yi tafiyar mita 28 kamar wanda aka ɗaure wa ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Shi ya sa a taron ministoci da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 2020 aka yi kira da a mai da gudu kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci suke cakuɗuwa, kamar ƙofar makaranta da bakin kasuwa. Rahoton wannan hukuma na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, fiye da 3,200 ke nan a kowace rana. Fiye da kashi 20 cikin 100 na waɗannan masu tafiya a ƙasa ne. Idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce a gaba. Kuma a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa a duniya. Shekarunku ke nan, ya ku ɗalibai.

YARO BA ƘARAMIN BABBA BA NE

Malam direba, kada ka yi tsammanin yaro zai yi abin da kai za ka yi. Yaro gajere ne, motar da aka ajiye ko teburin mai shayi ya isa ya ɓoye shi gaba ɗaya. Idan ya tsaya dab da gaban tirela ko tifa, direban da ke can sama ba zai gan shi ba sam. Ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba, yana ganin babbar mota a nesa da ƙarama a kusa ya kasa gane wadda za ta riga isowa. Yana zaton tun da shi ya ga mota, to direba ma ya gan shi. Kuma hankalinsa abu ɗaya yake riƙewa: idan takalminsa ya fita a tsakiyar titi zai koma ya ɗauka, idan ya hango yayarsa a tsallake zai ruga gare ta. Idan ka ga yaro ɗaya ya ƙetare a guje, ka sa ran na biyu yana biye.

KAI KUMA ƊALIBI, GA NAKA

Doka ta ba ka hannu, amma ba kowane direba ne ya san dokar ba, kuma ba kowace mota ce ke da birki ba. Haƙƙinka ba zai ɗora maka karaya ba. Saboda haka ka riƙe waɗannan:

Ka nemi wurin da ya dace. Idan akwai gadar sama, ka hau ta ko da ka gaji. Idan akwai matsallaka ko jami'i mai ba da hannu, ka taka zuwa can ko da ɗan nisa. Idan babu ko ɗaya, ka zaɓi miƙaƙƙen wuri inda kake hango titi ta ɓangare biyu. Ka guji kwana, da shataletale, da tsakanin motocin da aka ajiye. Idan ka sauka daga bas ko Adaidaita Sahu, ka bari ta tafi tukuna, kada ka ɓullo ta gabanta ko ta bayanta.

Ka tsaya a baki, ka dubi hagu, ka dubi dama, ka sake duban hagu. Me ya sa hagu ce farko? Domin a ƙasarmu motoci hannun dama suke bi, don haka wadda ta fi kusa da kai ta hagunka za ta fito. Idan ka ji Kaka yana cewa dama ake fara duba, kada ka yi masa dariya, a zamaninsa haka ne. Nijeriya hannun hagu take bi irin na Ingila har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da aka koma dama domin a dace da maƙwabta irin su Nijar da Kamaru da Cadi. Amma ka duba ɓangarorin biyu kullum, ko a titin da aka ce hannu ɗaya ne, saboda masu babur da ke bin hannun da ba nasu ba.

Ka ɗaga hannu, ka dubi fuskar direba, kada ka shiga sai ka ga tayoyi sun tsaya. Rage gudu ba tsayawa ba ne. Idan mota ta farko ta tsaya maka, ka taka zuwa ƙarshen hancinta ka ɗan dakata, ka leƙa, ka tabbata babu wani da ya zaro ta gefenta. Ko direban ya yafito ka da hannu, ka leƙa, domin shi motarsa kaɗai yake iko da ita.

Ka miƙe sosai, da tafiya mai ƙarfi, ba gudu, ba wasa, ba komawa baya. Titi mai layi biyu faɗinsa kamar mita 7 ne, yaro zai ci kusan sakan 7 kafin ya haye. A cikin wannan lokaci motar da ke gudun 50 za ta ci kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan. Idan motar da ke tahowa ta fi haka kusa kuma ba ta tsaya ba, ka bar ta ta wuce. Titin da aka raba da dakali a tsakiya kuwa, ka ɗauke shi titi biyu: ka haye rabi, ka tsaya a kan dakalin, ka sake dubawa.

Ke ɗaliba, hijabi yakan kare gefen ido, kuma yakan rage jin ƙarar mota. Ki juya kanki gaba ɗaya idan za ki duba, kada ki tsaya ga satar kallo. Ki tattare shi kada iska ta kaɗa shi cikin tayar babur. Masu makarantar dare da masu tashi dab da magariba, ku sani tufa mai duhu ba ta ganuwa, balle a cikin hazon hunturu. Ku riƙe tocila ko wani abu fari. Kai kana ganin fitilar mota daga nesa, shi direba ba ya ganinka sai ya zo kusa.

Kai babban wa da ke babbar ya, ku riƙe ƙaninku a wuyan hannu, domin 'yan yatsu suna zamewa. Idan kuna tafiya a titin da babu dakalin gefe, ku bi gefen hagu kuna fuskantar motoci masu zuwa, ku sa ƙaramin ta can ciki nesa da kwalta.

IYAYE DA HUKUMAR MAKARANTA

Iyaye, yaron da bai kai shekara 10 ba bai kamata ya ƙetare babban titi shi kaɗai ba, balle a haɗa shi da ɗan shekara huɗu a ce ya kula da shi. Ku bi hanyar makaranta da ƙafa tare da yaranku ko sau ɗaya ne, ku nuna musu daidai inda za su riƙa tsallakawa. Mai kawo yara a mota ko a babur ya sauke su a gefen da makaranta take. Mai zuwa ɗauka kuma kada ya tsaya a tsallake yana ƙwala wa yaro kira, ya ƙetaro da kansa ya kama hannunsa. Kuma ku tuna yaro abin da ya gani yake yi. Uban da ya ratsa ƙarƙashin gadar sama a guje ya riga ya koyar da darasi.

Ga hukumar makaranta: a riƙa sallamar ɗalibai aji-aji, a sa malami ko wani dattijon unguwa a bakin titi da riga mai ƙyalli, ya tara yara rukuni-rukuni ya ƙetarar da su. A roƙi masu talla da masu ajiye babura su matsa daga ƙofa. Idan babu matsallaka a gaban makaranta, ko fentinta ya goge, ƙungiyar iyaye da malamai ta rubuta takarda ta hannun mai unguwa zuwa ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar ayyuka, ko ofishin 'yan Rod Sefti mafi kusa, a nemi fenti da allon gargaɗi da tudun rage gudu. Kada jama'a su tashi su gina tudu da kansu ba alama, yakan kayar da masu babur da dare. 'Yan Rod Sefti suna da tsarin kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗari a makarantu, a gayyace su su zo su yi wa yara bayani. Kuma kowa ya haddace lambarsu ta gaggawa, 122.

A ƙara kula a watan azumi. Minti talatin ɗin nan na kafin shan ruwa, direba ga yunwa ga gajiya ga sauri, yara kuma ga aiken kai kunu da ƙosai maƙwabta. Wanda ya san zai makara ya sa dabino a aljihun mota, ya tafi a hankali.

KAMMALAWA

Idan haɗari ya auku mukan ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, a yafe. Haƙuri da yafiya abu ne mai kyau, amma ba su goge sakaci. Kun karanta a darasin fiƙihu cewa kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara ta azumin wata biyu a jere. Rai ke nan da ba a yi niyyar ɗauka ba. To, Malam direba, ka auna: tsayawa wa yaro ba za ta ci maka sakan 10 ba. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Aikin gida ga ɗalibai: 1. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa, mita nawa take ci a sakan ɗaya? 2. Ka ƙirga titunan da kake ƙetarewa daga gida zuwa makaranta, ka rubuta guda nawa ne suke da matsallaka. 3. Ka karanta wa mai tuƙi ɗaya a gidanku ko a unguwarku ƙa'ida ta 3, ka tambaye shi ko ya san ta. A kawo amsa ga malamin aji ranar Asabar.

Allah Ya tsare mu da ku a hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.